Wasannin da Aka Binne da Ransu: Wanne Ya Cancanci a Tono?

A watan Yulin 2023, wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da sakamakon binciken da ya tayar da hankalin masu sha'awar wasannin bidiyo. Ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 babu su a kasuwa. Ko mutum na riƙe da kuɗinsa, ba shi da inda zai saye su daga hannun masu su, sai dai ya bi 'yan gwanjo neman tsohon faifai da tsohuwar na'urar da za ta karanta shi, ko ya sauke kwafin sata daga intanet. A cikin wannan tarin da ya ɓace akwai tarkacen da ba wanda zai yi kewarsa. Akwai kuma silsiloli masu daraja waɗanda kamfanoninsu suka rufe musu ƙofa tun ba su gama faɗin abin da ke bakinsu ba.

Duk wanda ya daɗe yana buga gem yana da irin wannan silsila a ransa, wadda in ya ambace ta a majalisa mutum ɗaya ko biyu ne za su gane. Duk lokacin da manyan kamfanoni za su yi taron nuna sababbin kayansu, masoya kan cika shafukan sada zumunta da kiran a dawo musu da wannan, a dawo musu da wancan. Ina tare da su, amma ba a kan kowane suna ba. Begen ƙuruciya shi kaɗai bai isa hujjar kashe kuɗi da shekarun ma'aikata ba. Silsilar da ta cancanci a farfaɗo da ita, a ganina, ita ce wadda ta zo da wata dabara da har yau ba wanda ya ɗauka ya kai ta gaba, ko wadda aka katse labarinta a tsakiya alhali ta yi wa mai wasa alkawarin ƙarshe.

Kafin a shiga sunaye, ya kamata a san abin da ke kashe su, domin sau da yawa ba rashin kyau ba ne. Babban dalili shi ne tsadar aiki. A zamanin PlayStation ta farko, a tsakiyar shekarun 1990, mutum ashirin ko talatin na iya kammala wasa cikin shekara ɗaya ko biyu. Idan ya samu masu saye dubu ɗari uku ko huɗu, an ci riba, sai a shiga na biyu. Yau lissafin ya canza baki ɗaya. Wasu takardun Sony da suka fito a shari'ar da hukumar kasuwanci ta Amurka ta yi da Microsoft a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Kamfanin da ke zuba irin wannan dukiya ba zai zuba ta a kan sunan da mutum rabin miliyan suka sani ba. Sai matsakaitan wasanni, waɗanda ba su kai na manya tsada ba kuma sun wuce na ɗan ƙaramin ɗaki, suka rasa mazauni. Galibin silsilolin da ake kuka a kansu daga wannan tsakiyar suka fito.

Dubi F-Zero na Nintendo, tseren motoci masu shawagi da gudun da ido ke wahalar bi. Ya fara a 1990, ya kai ƙololuwa da F-Zero GX a 2003, bayan wani ƙarami a 2004 kuma ya yi shiru har 2023, lokacin da aka fitar da F-Zero 99, wanda tsohon na farkon ne aka mayar na mutum 99 a intanet. Takaya Imamura, wanda ya zana jaruman silsilar, ya bayyana bayan ya bar kamfanin cewa dawo da ita na da wuya in ba a samu wata babbar sabuwar dabara ba. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Amma a gidan guda akwai Mario Kart 8 Deluxe, wanda ya sayar da sama da kwafi miliyan 60. Da wuya mai irin wannan haja ya damu da buɗe wa wani tseren shago a gefenta.

Dalili na biyu ya fi baƙin ciki, wato rikicin haƙƙin mallaka. No One Lives Forever, wanda kamfanin Monolith ya yi a 2000, labarin wata 'yar leƙen asiri ce mai suna Cate Archer a shekarun 1960, kuma masu sharhi sun yaba shi ƙwarai. Da kamfanin Night Dive, wanda sana'arsa ke nan gyara tsofaffin wasanni, ya nemi sake fitar da shi wajen 2014, sai ya tarar haƙƙin ya warwatse tsakanin Warner Bros. da Activision da 20th Century Fox sakamakon saye da haɗewar kamfanoni. Ba wanda ya iya tabbatar da rabonsa, ba kuma wanda ya yarda ya saki. Aikin ya mutu a nan. A Fabrairun 2025 Warner Bros. ya rufe Monolith ɗin kansa.

Akwai wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Zariya a shekarun 2000 ya san gidan gem: ɗaki ɗaya, talabijin uku ko huɗu, janareto a waje, a biya kuɗi a buga, wanda aka ci ya tashi. Mafi yawan faya-fayen da ke cikin waɗannan na'urori kwafi ne, don haka ba ko ɗaya da ya shiga littafin cinikin kamfani a Tokyo. Idan kamfani ya buɗe lissafinsa ya ce silsila kaza ba ta da masoya, bai ƙirga mu ba, bai ƙirga takwarorinmu na sauran ƙasashen da aka yi irin wannan rayuwa ba. Bloody Roar misali ne. Wasan faɗa ne na Hudson Soft da ya fara a 1997, inda kowane mayaƙi ke iya rikiɗa ya koma dabba ana tsakiyar dambe: Yugo ya zama kyarkeci, Gado zaki, Long damisa. Rikiɗar na ƙara ƙarfi, tana kuma dawo da wani ɓangare na jinin da aka rasa, saboda haka sanin lokacin da za a yi ta shi ne rabin gwaninta. Na huɗu ya fito a 2003. Konami ya haɗiye Hudson a 2012, sunan ya shige akwati. Tekken da Street Fighter da Mortal Kombat duk suna raye, amma ba wanda ya ɗauki wannan dabara ya gina wasa sukutum a kanta.

Sai dai in za a ce in zaɓi guda ɗaya tak, Suikoden zan ɗauka, shi ma na Konami. Yoshitaka Murayama ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a Japan a 1995. Ya aro ginshiƙinsa daga wani tsohon littafin ƙasar Sin, Shui Hu Zhuan, mai ba da labarin 'yan tawaye 108 da suka taru a kan azzaluman mahukunta. A kowane kashi na silsilar, mai wasa zai yi ta yawo yana tara mutum 108, kuma ba duka ne mayaƙa ba. Akwai mai dafa abinci, da maƙeri, da manomi, da mai wanki, da mai zanen taswira, da mai tsaron gidan wanka. Duk wanda ka shawo kansa zai tare a sansaninka, ya buɗe sana'arsa. Kufan da ka fara da shi yana nan yana cika a gaban idonka har ya zama gari mai kasuwa da hayaniya. Wasannin yaƙi da yawa suna nuna jarumi ɗaya yana ceton duniya. Wannan kuwa yana koya wa mai wasa cewa runduna ba ta tsayuwa sai da masu tuƙa tuwo.

Na biyun, wanda ya fito a 1998, shi ne gwarzon silsilar. Wasu abokai biyu, Riou da Jowy, suna cikin rundunar matasa ta masarautar Highland. Daren da ake shirin komawa gida bayan sulhu, sai yariman ƙasarsu, Luca Blight, ya sa aka karkashe rundunar, aka ɗora laifin a kan maƙwabta don a samu hujjar komawa yaƙi. Yaran biyu suka tsira. Daga nan hanya ta raba su: ɗaya ya jagoranci masu turjiya daga waje, ɗayan ya koma cikin masarautar da niyyar kawo ƙarshen yaƙin daga ciki, ya yi ta aikata abubuwan da ba zai iya wanke hannunsa daga gare su ba. Dukansu zaman lafiya suke nema. Abin da ya fi burge ni shi ne, an kashe azzalumin yarima tun labarin bai kusa ƙarewa ba, amma yaƙin bai tsaya ba, domin ƙasashe biyu da suka zubar da jinin juna ba sa ajiye makami don mutum ɗaya ya mutu. Ƙalilan ne cikin fina-finai ma suka kalli yaƙi da irin wannan idon basira, balle wasan da aka yi da 'yan zane-zane ƙanana.

Kashi na ɗaya zuwa na biyar duk a duniya guda suke gudana, kowanne a wata ƙasa da wani zamani, mutanen wannan na ɓullowa a wancan sun tsufa ko suna yara. Ana ta ambaton wata babbar daula mai suna Harmonia wadda hannunta ke cikin kusan kowace fitina, da wasu hatimai 27 masu riƙe da ƙaddarar duniya, waɗanda har yau ba a bayyana su duka ba. Murayama ya bar Konami a 2002. Na biyar ya fito a 2006, daga nan babban labarin ya tsaya cak. Wasu biyu da suka biyo baya, a 2008 da 2012, a wata duniyar daban aka kafa su.

Masoya ba su haƙura ba. A 2020 Murayama da wasu tsofaffin abokan aikinsa suka nemi tallafin jama'a a Kickstarter don yin Eiyuden Chronicle, wasa mai irin ruhin Suikoden amma da sabon suna, tunda tsohon ba nasu ba ne. Suka tara kusan dala miliyan 4.5. Murayama ya rasu a Fabrairun 2024, wasan ya fito a Afrilu, bai ga fitowarsa ba. A Maris 2025 Konami ya fitar da na ɗaya da na biyu da gyaran fuska, ya kuma sanar da wani sabo na waya. Wannan ci gaba ne, ban raina ba. Amma bashin da ke kan kamfanin shi ne kashi na shida, wanda zai kai mu Harmonia.

Tenchu nasa ciwon daban ne. Ya fito a 1998 daga kamfanin Acquire, shekarar da Metal Gear Solid da Thief suka fito, su ukun suka kafa salon wasan sanɗa. Kana riƙe da Rikimaru ko Ayame, ninjoji biyu masu yi wa ubangidansu Gohda aiki a tsohuwar Japan. Ka jefa ƙugiya ka hau rufin gida, ka laɓe kana nazarin zirga-zirgar masu gadi, wata alama a gefen allo na nuna maka kusancinsu da ko sun fara zarginka. In an gan ka, faɗan gaba da gaba na da wahala da gangan, kuma sakamakonka a ƙarshen aiki zai faɗi. Wasan haƙuri ne, mai ladabtar da mai gaggawa. FromSoftware ya mallaki sunan tun 2004, babban kashi na ƙarshe kuma ya fito a 2008. Hidetaka Miyazaki na FromSoftware ya faɗa cewa wasansu Sekiro, wanda ya ci kyautar wasan shekara a 2019, da tunanin Tenchu aka fara shi kafin ya rikiɗe ya zama abin kansa. Sekiro gwani ne, sai dai zuciyarsa karon takubba ce. Wanda ke son ya gama aiki ba tare da ko kare ya yi masa haushi ba har yanzu yana jira.

Golden Sun, wanda Camelot ya yi wa Nintendo a 2001 a kan ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy Advance, ya cika sharuɗɗan nan biyu da na ambata tun farko a lokaci guda. A yawancin wasanni irinsa, sihiri na fagen fama ne kawai. A nan kuwa da shi ake tura dutse, a daskarar da ruwa ya zama matakala, a tsirar da kurangar hawa, har a karanta abin da ke zuciyar mutanen gari. Sannan na biyun, The Lost Age, ya yi abin da ba a saba ba: ya miƙa maka ragamar ɓangaren da ka sha fama da su a na farko, ka gano cewa hasumiyoyin da kake hana su kunnawa, in ba a kunna su ba duniya ce za ta lalace. Na uku, Dark Dawn, ya zo a 2010, ya ƙare a kan wata sabuwar barazana da ta bayyana a sararin sama, aka rufe labule. Tun daga lokacin Camelot wasannin tanis da golf na Mario yake yi. Yaron da ya ga wannan ƙarshe yana ɗan shekara 12 yanzu ya kusa talatin.

Masu cewa a bar matattu su huta su ma suna da hujja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Dungeon Keeper, wanda Bullfrog ya yi a 1997, ya dawo a 2014 a hannun EA a matsayin wasan waya. Haƙa rami ɗaya na iya ɗaukar awanni, wani har kwana guda, sai in ka biya kuɗi a gaggauta maka. Hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta yanke cewa tallansa na yaudara ne. An ɗauko sunan da mutane ke ƙauna an mayar da shi tarkon aljihu, kuma irin wannan dawowa gara babu ita.

Shenmue kuma darasi ne ta wata fuskar. Yu Suzuki ya fitar da shi a 1999 a kan Dreamcast, labarin Ryo Hazuki mai neman wanda ya kashe mahaifinsa a garin Yokosuka, kuma yana cikin wasanni mafi tsada na zamaninsa. Na biyu ya tsaya a cikin wani kogo a 2001. Masoya suka yi shekara 14 suna roƙo, da aka buɗe asusu a Kickstarter a 2015 suka zuba sama da dala miliyan 6. Na uku ya fito a 2019 da tafiyar hawainiya irin ta da, kamar ba a yi shekara 18 a tsakani ba, kuma ya sake ƙarewa bai kammala labarin ba. Ina girmama Suzuki, amma wanda aka ba dama ɗaya bayan irin wannan jira, haƙƙin masu jiran ne ya rufe musu labarin. Ko aikin da ya yi kyau ma ba shi da tabbas. Prince of Persia: The Lost Crown ya sha yabo a farkon 2024, amma kafin shekarar ta ƙare Ubisoft ya rarraba ma'aikatan da suka yi shi zuwa wasu ayyuka. Tsoron da kamfanoni ke ji ba na banza ba ne.

To mene ne mafita? An riga an gwada ta, ta kuma yi aiki. Streets of Rage na Sega ya tsaya a na uku tun 1994. Wasu ƙananan kamfanoni uku, Dotemu da Lizardcube na Faransa da Guard Crush na Kanada, suka je wa Sega da tayin a ba su izini su yi na huɗu. Sega ya amince. Ba su yi ƙoƙarin mayar da shi katafaren wasan zamani ba. Suka bar shi yadda aka san shi, ana tafiya daga hagu zuwa dama ana dukan 'yan daba, suka zana komai da hannu, suka gayyato Yuzo Koshiro, mai kiɗan asali, ya sa hannu. Sannan suka gyara abin da ke buƙatar gyara. A da, bugun musamman na cin jininka ne kawai. Yanzu in ka ci gaba da kai hari ba a taɓa ka ba, jinin zai dawo, sai kowane bugu ya zama ciniki tsakanin kasada da riba. Ya fito a Afrilun 2020, bayan shekara 26, ya kuma wuce kwafi miliyan 2.5 cikin kusan shekara guda. A Disambar 2023 Sega ya sanar da dawo da Shinobi da Golden Axe da Crazy Taxi da Jet Set Radio, sabon Shinobi ɗin kuma Lizardcube aka ba, ya fito a 2025.

A ƙauye, mai gonar da ba zai iya nomawa bana ba yakan ba da ita aro ko haya, don ya san in ta kwana shekaru ba a taɓa ba sai ta koma daji. Abin da ake nema daga Konami da Nintendo da FromSoftware ke nan. Ba wanda ya ce su kashe dala miliyan 200 a kan Bloody Roar. Masu iya aikin da ɗan madaidaicin jari suna nan, kuma sun nuna kansu. Koji Igarashi, da ya bar Konami, ya tara sama da dala miliyan 5 daga jama'a ya yi Bloodstained a madadin Castlevania. Wasu 'yan Holan suka yi Bomb Rush Cyberfunk a 2023 a kan salon Jet Set Radio. Waɗannan magada na da daɗi, amma ba su da ikon taɓa ainihin jaruman da labaransu. Eiyuden ba zai taɓa faɗa mana abin da ke cikin Harmonia ba.

Kafin ma a kai ga sabon kashi, akwai matakin da ya fi sauƙi: a mayar da tsofaffin kasuwa da farashi mai sauƙi, a kan kwamfuta da waya, inda matashin Kano ko Maraɗi zai iya kaiwa gare su ba tare da ya mallaki na'urar dubban ɗaruruwan naira ba. Capcom ya yi haka da Dino Crisis na ɗaya da na biyu a shagon GOG a farkon 2025. Nintendo ya saka Golden Sun biyun farko a tsarin biyan kuɗinsa na Switch a Janairun 2024. Ta haka ne kamfani zai gane ko akwai masu so, ta haka ne kuma sabon tashi zai san abin da yayyensa ke bege. A gefe guda, a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da buƙatar a bar ɗakunan karatu su riƙa ba masu bincike damar buga tsofaffin wasanni daga nesa, bayan ƙungiyar manyan kamfanonin ta yi adawa da buƙatar. Wanda ya ƙi sayarwa kuma ya hana a adana, shi ya buɗe wa kwafin sata ƙofa.

Hukuncina shi ne Suikoden ne kan gaba a cancanta, Golden Sun na biye da shi saboda labarin da aka bari a rataye, sai Tenchu da Bloody Roar, waɗanda ya kamata a miƙa wa ƙananan kamfanoni su gwada. Kai kuma mai karatu, idan ɗaya daga cikin waɗannan ya dawo kasuwa kuma kana da hali, ka saye shi ta hanyar da za a ƙirga ka, domin adadin masu saye kaɗai kamfanonin nan ke dubawa kafin su amince da kashi na gaba. In ba ka taɓa buga ko ɗaya ba, ka fara da Suikoden II.